Baƙo zai iya mallakar mota a Birtaniya? Amsa ga wata ma'aikaciyar jinya

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce daga Zariya, wata biyar ke nan da zuwana Birmingham da bizar aiki, ni da maigidana da yaranmu biyu. Aikin dare da jiran bas cikin sanyi sun ishe ni, ina son in sayi ƙaramar mota. Ina da lasisin tuƙi na Najeriya wanda bai ƙare ba. Wasu sun ce baƙo ba ya mallakar mota sai ya samu takardar zama ta dindindin, don haka in saya da sunan wani ɗan'uwanmu da ya daɗe a nan, ya kuma yi mini inshora da sunansa tunda tasa ta fi araha. Wasu kuma sun ce lasisina ba ya aiki a ƙasar nan. Mece ce gaskiyar doka, kuma ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya taimaka, ya sa albarka a aikin. Idan na fahimce ki da kyau, abu uku kike tambaya: ko doka ta yarda ki mallaki mota da sunanki alhali ke baƙuwa ce, ko lasisinki na gida zai ba ki damar tuƙa ta, da kuma ko shawarar sakaya sunan ɗan'uwa tana da amfani. Na daɗe ina koyar da tuƙi a wannan yanki, kuma mafi yawan ɗalibaina mutane ne irinki, waɗanda suka iya mota tun daga gida amma suka tarar da wani tsari dabam.

Amsar farko mai sauƙi ce. Babu dokar da ta ce sai ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin zai mallaki mota a Birtaniya. Ɗalibi yana saya, mai bizar aiki yana saya, wanda ya biyo matarsa ko wadda ta biyo mijinta ma haka. Hukumar DVLA, wadda ke rajistar motoci da direbobi daga ofishinta na Swansea a yankin Wales, abin da take nema idan an sayi motar da ke da rajista a ƙasar shi ne suna da adireshin da mutum yake zaune. Saboda haka wanda ya ce miki sai da takardar dindindin bai san dokar ba, ko kuma ya cakuɗa ta da wahalar samun bashin mota, wadda magana ce dabam. Sayen motar shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin duka. Inda baƙi ke tuntuɓe shi ne lasisi, da inshora, da nauyin da doka ke ɗora wa duk wanda sunansa ke kan takardar mota.

Agogon wata goma sha biyu

Waɗanda suka ce lasisinki ba ya aiki sun faɗi rabin gaskiya. Cikakken lasisin Najeriya da bai ƙare ba yana ba ki damar tuƙa ƙaramar mota na tsawon wata 12, kuma lissafin yana farawa ne daga ranar da kika zama mazauniyar ƙasar, ba daga ranar da kika sayi mota ba. Ke nan wata bakwai suka rage miki. Bayan nan lasisin ya daina aiki a nan ko da sauran shekara uku a jikinsa. Lasisin ƙasa da ƙasa da ake yankowa daga gida ba ya ƙara ko kwana ɗaya a kan wa'adin, haka kuma zuwa hutu Najeriya a dawo ba ya sa a sake lissafi daga farko, domin zamanki bai yanke ba. Wannan dabara ta zuwa gida a dawo na sha jin ta a bakin mutane, kuma ba ta da tushe.

Akwai ƙasashen da Birtaniya ta yarda a musanya lasisinsu da nata ba tare da jarrabawa ba, irin su Kanada, Ostareliya, Japan, Singafo da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, a Afirka kuma akwai Afirka ta Kudu da Zimbabwe. Najeriya ba ta cikinsu, haka Nijar da Gana. Ba ki da wata hanya sai ta jarrabawa, kamar yarinyar da ba ta taɓa riƙe sitiyari ba.

Matakin farko shi ne lasisin koyo, wanda kuɗinsa fam 34 ne idan aka nema ta intanet, kuma za ki iya nemansa yau tunda bizarki ta ba ki izinin zama fiye da kwana 185. Jarrabawa kuwa sai mutum ya cika kwana 185 yana zaune a ƙasar cikin wata 12 da suka gabata kafin ya zauna mata, kin ga saura wata ɗaya da 'yan kwanaki ki cika. Ta farko a kwamfuta ake yi, fam 23: tambayoyi 50 ne, ana son ki ci 43, sannan a nuna miki gajerun bidiyo na hanya ki riƙa danna maɓalli da zarar kin hango abin da zai iya jawo haɗari, a nan kuma ana son maki 44 cikin 75. Sai kin ci wannan za a ba ki damar neman ranar gwajin tuƙi, wanda yake fam 62 a ranakun aiki, yana ɗaukar kimanin minti 40, kuma kafin a tayar da mota sai kin karanta lambar wata mota daga nisan mita 20. Kuskure babba guda ɗaya ya isa ya kayar da mutum, ƙanana kuma ana yafe har 15. Matsalar ita ce layin samun ranar gwaji yana kai watanni a manyan birane, shi ya sa nake gaya wa kowa kada ya jira wa'adinsa ya kusa ƙarewa sannan ya fara.

Wani sauƙi da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, idan kika karɓi lasisin koyo a cikin wata 12 ɗin nan, za ki ci gaba da tuƙi ke kaɗai da lasisinki na gida har wa'adin ya cika. Amma ranar da ya cika, in ba ki ci gwaji ba, kin koma 'yar koyo sak: sai kin liƙa jar alamar L gaba da baya, sai da wani a gefenki wanda ya haura shekara 21 kuma ya shekara uku da cikakken lasisi irin na nan ko na Tarayyar Turai, babbar hanya kuma ba za ki hau ba sai tare da malamin tuƙi mai rajista. Maigida, da lasisinsa na Najeriya, ba zai iya zama mai rakiyar ba. Ki kwatanta wannan da tashi daga aiki ƙarfe bakwai na safe, za ki ga motar ta zama ta ado a ƙofar gida.

Abin da nake gani a wurin koyarwa, wanda ya shekara goma yana tuƙi a Kano ko Kaduna ya fi sabon shiga wuyar gyara. Hannunsa ya iya mota, amma idonsa bai saba da duba madubi kafin kowane motsi ba, ya kuma saba kutsa kai a shataletale da ƙarfin hali, alhali a nan wanda ke zuwa daga dama shi ke da hanya kuma dole a tsaya masa. Akwai wani bawan Allah da ya yi tuƙin motar haya shekaru a gida, ya faɗi gwaji sau biyu kan abu guda: yana fita daga gefen titi ba tare da ya waiwaya ta kafaɗarsa ba. Sai da muka yi sati uku a wani layi marar cunkoso, a tsaya a tashi, a tsaya a tashi, kafin wuyansa ya koyi juyawa da kansa. Ki kuma lura cewa wanda ya yi gwaji da mota mai canja giya da kanta, irinta kaɗai lasisinsa zai ba shi damar tuƙawa.

Sunan da ke kan takarda

Takardar mota a nan ana kiranta V5C, kuma a jikinta an rubuta ƙarara cewa ba shaidar mallaka ba ce. Abin da take nunawa shi ne mai riƙe da motar, wato wanda hukuma za ta nema kan haraji, da inshora, da duk wata tara. Shaidar mallaka ita ce rasiɗin ciniki da hujjar biyan kuɗi, don haka ki biya ta banki, ki sa mai sayarwa ya rubuta miki rasiɗi mai kwanan wata da lambar mota da farashi. Ranar ciniki shi zai sanar da DVLA ta intanet cewa ya sayar miki, ya yage koren ɓangaren takardar ya ba ki, sabuwa kuma ta iso gidanki da sunanki bayan 'yan kwanaki. Motar da aka ce takardarta ta ɓata, ni shawarata a bar ta.

Da wannan koren ɓangare za ki biya harajin mota kafin ki motsa ta. Tun daga watan Oktoba na 2014 haraji ya daina bin mota zuwa hannun sabon mai ita; da zarar an sayar, na tsohon ya mutu, a mayar masa da kuɗin cikakkun watannin da suka rage. Dillalin da ya ce miki akwai sauran harajin wata shida a jikinta, ba ki da rabo a ciki. Sai gwajin lafiyar mota da ake kira MOT, wanda ya zama dole ga duk motar da ta cika shekara uku, a kuma sabunta shi duk shekara. Doka ta ƙayyade kada gareji ya karɓi fiye da fam 54.85, tuƙi babu shi kuma tararsa tana kai fam 1,000. Tarihin wannan gwaji a buɗe yake kyauta a shafin gwamnati: ki sa lambar motar kawai, za ki ga abin da aka taɓa samu a jikinta da nisan tafiyar da ta yi kowace shekara. Idan kika ga lambar nisan ta ragu maimakon ta ƙaru, an taɓa agogon nisan. Ki kuma biya 'yan fam a bincika miki ko akwai bashi a kanta, domin motar da ake biya kaɗan-kaɗan mallakar kamfanin bashin ce har sai an gama biya, ko kuma an taɓa rubuta ta a matsayin wadda haɗari ya lalata.

Yanzu ga maganar ɗan'uwa. Idan sunansa ke kan V5C, duk wasiƙar hukuma gidansa za ta je. Kyamara ta kama ki da gudu, shi za a rubuto wa, kuma doka ta ba shi kwana 28 ya faɗi wanda ke tuƙi. In ya yi shiru ya sha makin laifi shida a lasisinsa, ga kuma tarar kuɗi, in kuma ya ce shi ne don ya rufa miki asiri, ya shiga laifin karkatar da shari'a, wanda ake ɗaure mutum a kansa. A 2013 an yanke wa wani tsohon minista, Chris Huhne, da tsohuwar matarsa ɗaurin wata takwas-takwas saboda ta karɓi makin gudun da shi ya yi. Bayan wannan akwai abin da mu duka muka sani: kuɗi naki, suna nasa, ranar da zumunci ya yi tsami ko ya rasu magada suka zo, ke ce za ki koma neman hujja. Ban ga ribar da za ki samu ba, tunda doka ba ta hana ki sa sunanki ba. Abin da za ki kiyaye kawai shi ne sanar da DVLA duk lokacin da kuka sauya gida, a takardar mota da a lasisi. Sababbin zuwa suna yawan ƙaura a shekarar farko, kuma na ga tarar fakin ta 'yan fam ta kumbura ta kai ga masu karɓar bashi sun buga ƙofa, saboda wasiƙu suna ta zuwa tsohon gida.

Inshora, inda kuɗin yake

A Najeriya mun saba inshora takarda ce da ake yanka wa mota, naira 15,000 tun daga 2023, a jefa a aljihun gaba saboda masu duba takardu a hanya, kuma duk wanda aka miƙa wa makulli ya ja. A nan ba haka ba ne. Inshora tana haɗa mutum takamaimai da mota takamaimai, wanda sunansa ba ya ciki ba shi da izinin tuƙa ta ko da mijin mai ita ne. Dokar hanya ta 1988 ta wajabta aƙalla inshorar da za ta biya wanda aka yi wa ɓarna. Wanda aka kama babu ita, mafi sauƙin hukunci fam 300 ne da maki shida, 'yan sanda suna da ikon ɗauke motar nan take, in aka je kotu kuma tarar ba ta da iyaka, ana iya hana shi tuƙi. Ba sai an tsayar da ke an nemi takarda ba, kyamarorin da ke kan hanya da cikin motocin 'yan sanda suna karanta lamba su duba rumbun bayanan inshora cikin ƙiftawar ido. Tun 2011 ma, ko motar tana ajiye dole ta kasance da inshora, sai dai in an sanar da DVLA an janye ta daga hanya, sanarwar da ake kira SORN, kuma a lokacin ba za ta kwana a bakin titi ba.

Gaskiya ne za a tsauwala miki farashi a shekarar farko, wani lokaci inshorar ƙaramar tsohuwar mota takan zarce kuɗin motar kanta. Dalili shi ne kamfani bai san ki ba: lasisinki na waje ne, ba ki da tarihin shekarun da kika yi babu haɗari a nan, unguwar da kike zaune ma ana lissafa ta. Amma abin da aka ba ki shawara, ɗan'uwa ya yi inshora a matsayin shi ne babban direba alhali ke ce ke hawa kullum, zamba ce a idon doka. Ranar da aka yi haɗari kamfani zai bincika inda motar ke kwana da wanda ke zuwa aiki da ita, ya soke inshorar, ya nemi ku biya abin da ya kashe, kuma daga nan duk kamfanin da kuka je sai ya tambaya ko an taɓa soke muku inshora. Halastacciyar hanyar ita ce akasin haka: ke ce babbar direba, a ƙara sunansa a matsayin mai hawa jefi-jefi idan da gaske zai riƙa hawa, wannan yakan rage farashi. Ƙaramin inji yana ragewa, haka na'urar da wasu kamfanoni ke liƙawa a mota tana auna yadda ake tuƙi.

Ki yi hattara da dillalan bogi da ke tallata inshora mai araha a WhatsApp da Facebook, sau da yawa da harshenmu kuma ta hannun wanda aka sani. Wata ɗalibata ta biya irin wannan, aka turo mata takarda mai tambari tsaf. Ashe an sayi inshorar da ƙaryar shekaru da adireshin wani ƙauye, aka soke ta bayan kwanaki aka karɓe kuɗin. Ba ta sani ba sai da aka tsayar da ita da yara a baya, aka ɗauke motar, ta koma gida a bas da kujerar jariri a hannu. Rashin sani bai hana ta shan maki shida ba. Duk inshorar da kika saya, ki duba lambar motarki a shafin binciken inshorar mota, wanda aka sani da askMID, bayan 'yan kwanaki ki tabbatar ta shiga rumbun.

Ki kuma faɗa wa kamfani ainihin abin da za ki yi da motar. Zuwa wurin aiki guda a dawo aji ɗaya ne. Idan aikin ya haɗa da zagayawa gidajen marasa lafiya, sai an ƙara amfanin aiki. Idan maigida yana tunanin kai saƙon abinci ko kaya don a biya shi, wannan inshora ce dabam gaba ɗaya. Makin da na yi ta ambata ba wasa ba ne ko ga mai lasisin waje, domin DVLA tana buɗe masa rajista ta ajiye su. Wanda makinsa ya kai shida cikin shekara biyu da cin gwaji ana soke lasisinsa ya koma farko, kuma riƙe waya a hannu ana tuƙi kaɗai maki shida ne da fam 200.

Tunda a Birmingham kike, kafin ki biya kuɗin kowace mota ki duba lambarta ko ta cika sharaɗin hayaƙi. Tun watan Yuni na 2021 tsakiyar birnin, abin da ke cikin zoben titin A4540, ana cajin fam 8 a rana ga motar da ba ta cika ba, Landan kuma fam 12.50 take karɓa, ta faɗaɗa tsarin zuwa dukkan unguwanninta a watan Agusta na 2023. Galibi motar fetur daga 2006 zuwa sama tana tsira, ta dizal kuwa sai wadda aka yi daga wajen ƙarshen 2015. Wannan ne ya sa za ki ga tsofaffin motocin dizal masu kyau suna araha kamar an tsinto su. Yaranki kuma doka ta ce sai da kujerar yara har su kai shekara 12 ko tsayin santimita 135, duk wanda ya riga zuwa.

Ba ki tambayi kawo mota daga gida ba, amma wasu sukan yi tunaninsa, kuma a taƙaice bai cancanci wahalar ba: sai an sanar da hukumar haraji cikin kwana 14 da isowarta, a daidaita maganar kuɗin fito, a gwada ta, a yi mata sabuwar rajista, ga shi sitiyarinta a hagu yake a ƙasar da ake bin hannun hagu. Komawa da motar nan gida ma haka, domin Najeriya ta koma bin hannun dama tun 1972 kuma dokarta ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba.

Ni malamin tuƙi ne, ba lauya ba. Abin da na faɗa na Ingila da Wales da Scotland ne, Ireland ta Arewa tana da hukumarta da wasu ƙa'idoji nata. Kuɗaɗen da na ambata kuma gwamnati takan sauya su, ki duba shafinta ranar da za ki biya. Abu guda da ya wuce fagena amma ya kamata ki riƙe shi ne, hukuncin kotu kan laifin tuƙi yana cikin abin da ake tambaya lokacin neman zama na dindindin ko zama ɗan ƙasa, don haka in har wata matsala ta kai ga sammaci, a nemi lauyan shige da fice tun kafin a amsa.

Da ni ne ke, a wannan satin zan nemi lasisin koyo, ni da maigida duka tunda agogonmu ɗaya ne, in fara karatun jarrabawar kwamfuta a lokacin hutun aiki, in kama ranarta da zarar kwana 185 sun cika. Motar kuma ba zan biya ko sisi ba sai na sa lambarta a shafukan kwatanta farashin inshora da sunana da lasisina na gaskiya na ga abin da za a caje ni, domin motoci biyu masu farashi ɗaya a wurin dillali suna iya bambanta da ɗaruruwan fam a wurin inshora. Ranar ɗauko ta, a biya inshora da haraji ta waya tun ana tsaye a ƙofar mai sayarwa, sannan a kunna ta.